Tsere Ba Awo, Ciniki Ba Mudu

Duk wanda ya je sayen gero a kasuwar Shinkafi, kafin ya taya sai ya dubi tiyar da za a auna masa. To, me ya sa ba a yi wa filin tsere irin wannan binciken? A yawancin makarantun ƙasar Ƙaura Namoda da Zurmi, idan wasannin shekara suka zo, da taki ko da igiya ake shata fili, a zuba toka, a ce ga mita 400. Gudun hanya kuwa, sai a dogara da abin da mota ta ƙirga. Alhali takin dogo daban yake da na gajere, igiya kuma tana miƙewa.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. Tun 1921 aka tsayar da nisan gudun fanfalaki a kan kilomita 42.195. A 1981 Alberto Salazar ya yi gudun da aka ɗauka bajintar duniya ce a birnin Niyok, daga baya aka sake awo, aka tarar hanyar ta gaza da kimanin mita 148, bajintar ta faɗi. Shi ya sa masana ke ɗaura wa keke na'urar ƙirga juyin taya, wadda Alan Jones ya ƙago a 1971. Sukan gwada keken a miƙaƙƙiyar hanyar da aka auna da tef na ƙarfe, su bi mafi gajeriyar hanyar da ɗan tsere zai iya bi, sannan su ƙara mita 1 a kowane kilomita don gudun tauyewa.

Wani zai ce makarantar ƙauye ba ta da halin wannan ɗawainiya. Gaskiya ne, amma tayar awo da ake turawa da hannu ba ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ko da yake ba a karɓar awonta a manyan gasanni, in an gwada ta da tef ta wadatar da filin makaranta. Taya guda za ta iya zaga makarantu da dama.

Wanda rashin awo ke cuta shi ne yaron da aka ruɗa da lokacin ƙarya, ya isa Gusau yana taƙama, ya dawo da kunya. Wani kuma an ƙara masa nisa, gwanintarsa ta ɓoyu. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. A auna fili kafin a busa usur.