Zane a kan hoton kayan sawa ba maguɗi ba ne

1/ Zare 🧵 Duk mai karantar ɗaukar hoto a jami'a ya san wannan rigimar: ka ɗauki hoton kayan sawa, ka ɗora zanen hannu a kai, malami ya ce "wannan ai ba hoto ba ne", ya zaftare maka maki. Ni dai ina ganin ba a yi mana adalci. Ku biyo ni.

2/ Malamai suna da tasu gaskiyar fa. Akwai masu ɓoye rauninsu a bayan zane: haske bai zauna ba, hoto ya yi dishi-dishi, sai a lulluɓe shi da furanni. In wannan suke gudu, babu musu. Kwas na kyamara ne, dole ka nuna ka iya ta.

3/ Amma a ce zane baƙo ne a wannan sana'ar? Haba dai. Shekara da shekaru masu zane ne ke yin bangon mujallar Vogue. Sai a 1932 hoto mai kala ya fara hawa bangon, Edward Steichen ne ya ɗauka. Zane ne ɗan gida, kyamara ce ta tarar da shi.

4/ Jean-Paul Goude yanka hotunan Grace Jones yake yi, ya liƙa, ya bi da fenti. Ku duba bangon faifanta Island Life na 1985. A Janairun 2020 kuwa Vogue Italia masu zane ta ba aikin nuna kayan, ba ta shirya ɗaukar hoto ba.

5/ Ko a nan gida, a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa Zaria Art Society, don ba su yarda a koya musu salon Turawa zalla ba. Yau su ake karantar da mu a aji. 😅

6/ A aikina na wannan zangon, babbar riga na ɗauka, na ja layukan aska takwas daga ƙirjinta suka bazu har bango. Malam ya ce ƙawa ce kawai. Alhali shi kansa aikin rigar sai an zana shi a jikin yadi kafin allura ta taɓa. Asalin rigar na nuna.

7/ Abin da nake roƙo mai sauƙi ne: a karɓi guda biyu. Hoton kamar yadda ya fito daga kyamara, a duba haske da tsari a ba da maki. Sannan wanda aka yi wa zane, ɗalibi ya kare dalilinsa. Wanda ya rufe aibi, nan take za a gane shi.

8/ In ba haka ba, kowa zai koma yin abin da malam ke so don tsoron faɗuwa. Mu kammala da hotuna iri ɗaya sak, mu fita kasuwar da telolin Instagram ke neman wanda aikinsa ya bambanta.

9/ Malamanmu, Allah ya ƙara girma, ba raini ba ne. Ku faɗa mana ma'aunin tun ranar da aka ba da aiki, kada mu gan shi a takardar sakamako. 'Yan ajin zane da hoto, ku ya ake yi da ku a makarantunku? 👇