Mudun Saye Da Mudun Sayarwa

'Yan'uwa, kakanninmu sun auna zane da kamu, igiya da gaba, hatsi kuma da mudu. Amma kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba.

A Faransa ma, kafin juyin juya halin 1789, kusan kowane gari da nasa ma'auni. Talakawa suka yi ta kuka cewa iyayen ƙasa suna ƙara girman abin awon da suke karɓar hatsin haraji da shi. Wannan kuka yana cikin dalilan da suka sa aka kafa dokar mita a 1795.

Mu fa? Nijeriya ta koma kilo da lita tun shekarun 1970, amma har yau da kaka dillali yakan shigo ƙauye da ƙaton mudu ya sayi dawa, da damina kuma ya sayar mana da wanda aka doke gindinsa ya shige ciki. Annabi Amos ya tsauta wa irin waɗannan 'yan kasuwa a sura 8. Abin kunya, waɗansunsu benci ɗaya muke zama da su ran Lahadi.

Ni dai roƙona, ƙananan hukumomi su buga hatimi a kan kowane mudu, sarkin kasuwa kuma ya riƙa zagayawa yana dubawa.