Hawayen Ɗa Namiji

Tun ranar kaciya ake gaya wa yaro cewa namiji ba ya kuka. A ganina wannan tarbiyya tana buƙatar gyara, musamman a Zamfara, inda hare-haren 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantu a 2021, suka kuma koro iyalai daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu zuwa Gusau. Yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa ba zai furta ba; sai dai malami ya ga yawan faɗa, ko gyangyaɗi, ko zugum a bayan aji. Bulala ba ta warkar da wannan. Ai Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kamata ya yi malami ya ja yaron gefe bayan an tashi, ya tambaye shi a hankali, ya kuma jure shirunsa.