Kayan Tarihin Nok Da Harajin Ƙasashen Turai

Duk mutumin Kudancin Kaduna da neman abinci ya kai shi Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya san ƙauyen Nok da ke kusa da Kwoi, a ƙasar Jaba, ba nisa da Kafancan. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, kawunan yumɓun da ake tonowa a wannan yanki sun zama abin lissafi a ofisoshin haraji na Turai da Amurka. A can ake yanka musu daraja, a can kuma ake cin ribarsu.

A 1928 ne masu haƙar kuza suka fara tono irin wannan kai a Nok. A 1943 aka sami wani a kusa da Jema'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don tsorata ɓarnar dabbobi. Da ya isa Jos, sai wani Bature mai suna Bernard Fagg ya lura cewa ƙirarsa ɗaya da ta wancan na Nok. Bincike ya tabbatar da cewa waɗannan kayayyaki sun haura shekara 2,000, suna kuma cikin sassaƙen yumɓu mafi daɗewa a Afirka kudu da Sahara. Suna cikin abin da ya sa aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952.

To, mene ne haɗin kan yumɓu da haraji? A Amurka, attajirin da ya ba gidan tarihi kyautar wani abu daga cikin tarin kayansa yana iya cire darajar abin daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, kuma idan darajar ta wuce dala 5,000 dole ne ƙwararren mai ƙiyasi ya sa hannu. A Faransa, tun 1968 doka ta yarda magada su biya harajin gado da kayan tarihi maimakon tsabar kuɗi. A Ingila ma akwai irin wannan tsari. Ma'ana, kan da saurayi ya tono da diga a bayan Kwoi, ya sayar a kan abin da bai kai kuɗin buhun citta ba, shi ne zai sauke wa wani Bature nauyin harajinsa, har a rubuta sunansa a bango a matsayin mai kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kayan nan ba su da fiffike. A shekarun 1990, lokacin da haƙar ɓoye ta yi ƙamari, dillalai ne suka riƙa ɗauke su daga ƙauyuka zuwa Ikko, daga nan zuwa Kwatano da Lome, sannan Baljiyam da Faransa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai 'yan Arewa a cikin masu wannan fatauci. Alhali kuwa Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da takardar izini ba. Direban da ya karɓi kwali a tasha ba tare da ya tambayi abin da ke ciki ba, da ɗan kasuwar da ya ajiye shi a shago na kwana biyu, duk suna iya samun kansu a hannun hukuma.

Dawo da abin da ya fita kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. A 2000 aka baje wasu sassaƙen Nok a babban gidan tarihi na Louvre a Paris, waɗanda Faransa ta saya daga wani dillali a Baljiyam. Bayan doguwar taƙaddama, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakin Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Wato wa'adin farko yana cika a 2027. Wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta faɗa wa jama'a, musamman mutanen Jaba da Jema'a, abin da ta yanke game da wannan aro.

Akwai kuma darasi ga 'yan ƙasa mazauna waje da suka tafi da irin waɗannan kaya a matsayin adon falo. Ranar da aka zo rabon gado, tambayar farko da mai ƙiyasi zai yi ita ce: ina takardar da ta nuna yadda abin ya bar Nijeriya? Tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda Nijeriya ta shiga a 1972, da kuma jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar a 2000 da Nok a ciki, manyan gidajen gwanjo suna ɗari-ɗari da kayan da ba su da asali a rubuce. Ga kuma jabu da ya cika kasuwa. Mai irin wannan kaya sai ya bar wa 'ya'yansa rigima maimakon dukiya.

Hanya mai kyau a fili take. Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun yi haƙa a yankin tare da Hukumar Gidajen Tarihi, suka baje abin da suka samu a 2013, sannan aka dawo da shi Kaduna. Abin da aka tono da ilimi yana ba da labarin yadda mutanen da suka yi noma da ƙira; wanda aka fizge da dare kuwa ya rasa labarinsa har abada.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin ci gaban garuruwan Kudancin Kaduna da ke Ikko da sauran biranen Kudu, tare da sarakunan Hausawa na Sabo da Agege, su ja kunnen jama'arsu. Wanda ke da irin wannan kaya ya kai shi a yi masa rajista. Gwamnatin Jihar Kaduna kuwa ta taimaka a gyara gidan tarihin da ke Nok da hanyar zuwa can, domin baƙo ya zo ya biya kuɗin kallo a inda aka tono kayan.