Mun san por, ba mu san teku ba



Kwanan baya cikin shirinmu na dare munka yi tambaya: wa ya taɓa ganin teku da idonshi? Wani alhaji ya bugo waya daga Maraɗi, ya ce shi ya daɗe yana zuwa Kwatano sayen motoci, ya san por, ya san wurin tiransite, ya san mai shayin da ke buɗewa tun asuba a Zongo. Munka ce: "To Alhaji, teku fa?" Ya yi dariya ya ce: "Wallahi ɗana, ta bayan katangar por nike hango shi. Ban taɓa sa ƙafata ga rairayin ba." Wanda ya bugo bayanshi, malamin lakwal ne, ya ce ya yi shekaru yana zana wa ɗiya gaɓar teku bisa allo, shi kanshi bai taɓa ganinta ba.

Wanga zance ya tsaya mana a rai. Tun muna ƙanana a lakwal anka koya mana cewa Nijar "pays enclavé" ce, ƙasar da ba ta da mafita ga teku, munka hardace, munka ci jarrabawa. Shinkafarmu da motocinmu da kayan shagunanmu ta Kwatano da Lome suke shigowa, mutanenmu dubbai sun bi hanyar nan, amma abin da suke iya ba ka labari shi ne duwan, layin kamiyo da wahalar takardu. Ra'ayinmu a nan shi ne: kwana uku na yawon buɗe ido tsakanin Kwatano da Lome ba almubazzaranci ba ne, kuma ba sai nasara ke yin shi ba. Sai dai tafiya ce da ke son shiri, don wanda ya tafi ba shiri yana iya komowa da kuka.

Mu fara da inda za a bi. Tsakanin Kwatano da Lome kilomita wajen 150 ne kawai, bai ma kai Maraɗi zuwa Damagaram ba. Mai gaggawa yana yanke shi cikin rabin yini. Mu muna cewa a raba shi uku.

Rana ta farko a bar babbar kwalta, a bi hanyar masunta, wadda ake kira Route des Pêches. Tana tashi daga unguwar Fidjrossè a Kwatano ta miƙe yamma har Wida, kilomita kamar 40, teku na hannun hagu, itatuwan kwakwa a jere, ƙauyukan masunta ɗaya bayan ɗaya. In an yi sammako za a tarar da mutane sun yi layi suna jan koma guda da igiya daga cikin teku, aikin da ke ɗaukar awoyi. Ɗan da ya saba ganin masunta a tabkin Madarunfa ko Tabalak zai tsaya baki buɗe.

Wida kuwa ba wurin hoto ba ne kaɗai. Nan ne ɗaya daga manyan tashoshin da anka yi ta loda bayi zuwa ƙetaren teku. Ganuwar da Turawan Fotugal sunka gina a 1721 tana nan, kuma ba su bar ta ba sai 1961. Daga cikin gari zuwa bakin ruwa akwai hanya ta kilomita 4, hanyar da bayi ke bi da sarƙa. Masu jagora suna nuna wurin itacen mantuwa, inda suke cewa ana sa maza su kewaya sau 9, mata sau 7, wai don su manta garinsu. A ƙarshen hanyar akwai ƙofar nan da anka gina a 1995 tare da UNESCO, Porte du Non-Retour, ƙofar da wanda ya fita ba ya komowa.

Wani zai ce mi ya haɗa mu da wannan? Ya haɗa mu ƙwarai. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, an kama Hausawa da yawa anka gangaro da su wannan gaɓa, anka kai su Bahiya a Barazil. A 1807 hukumomin can sun bankaɗo shirin tawaye da Hausawa sunka jagoranta, kuma a watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da ƴantattun Musulmi sun tashi a birnin Salvador, mafi yawansu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu, da layu da rubutun Larabci a jikinsu. Bayan nan wasu sun komo wannan gaɓa, shi ya sa babban masallacin Porto-Novo ke da fasalin gine-ginen Barazil. Ɗan da ya tsaya gaban ƙofar nan ya ji wanga labari, ya samu abin da awa goma na darasin tarihi ba su ba shi ba. Gani ya kori ji.

Rana ta biyu a wuce Gran-Popo, kilomita 40 da ƴan kai daga Wida. Gari ne siriri tsakanin teku da ruwan daɗi. Daga nan ake shiga kwalekwale a gangara kogin Mono har inda ya haɗu da teku, wurin da ake kira Bouche du Roy. Kunkurun teku suna fitowa yin ƙwai a rairayin wannan yanki, kuma akwai mutanen gari da ke tsaron ƙwan har su ƙyanƙyashe. Ranar hutu ce, ba ranar gudu ba: a ci kifi, a sha ruwan kwakwa, a zauna a kalli faɗuwar rana.

Rana ta uku a tsallaka iyaka a Hillacondji a shiga Togo. A nan sai a maida agogo baya da awa guda, don Benin lokacinta ɗaya da namu, Togo kuwa tana bayanmu. Garin farko Aneho ne, wanda ya yi babban birni zamanin Jamusawa kafin su maida shi Lome a 1897. Gaba kaɗan Agbodrafo, inda akwai gidan da ake ɓoye bayi ƙarƙashin daɓen katako, wurin da mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Ƙetaren tabki ga Togoville, garin da anka ƙulla yarjejeniyar 1884 da Gustav Nachtigal da sunan sarkinshi, wadda ta kawo mulkin Jamus. Daga Aneho zuwa Lome kilomita wajen 45 ne. A wannan tsakani a buɗe ido da kyau: teku na cin ƙasa. Rairayin gaɓar nan ruwa ke tura shi daga yamma zuwa gabas, katangar por ta Lome ta tare shi, sai gabashin por ya rasa abin da zai maye wanda ruwa ke kwashewa. Tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho ta shige ruwa, da gidaje da gonakin kwakwa. Mu da hamada ke binne wa gona, mun san wannan ciwo, sai dai nasu ruwa ne ke kawo shi.

To yanzu mu zo ga masu cewa: "Ku ƴan rediyo, buhun hatsi ya yi tsada, iyaka na da matsala, kuna zancen yawo?" Suna da gaskiya wani wajen, kuma ba za mu ɓoye ba.

Na ɗaya, kwana ukun nan na bakin teku ne kawai. Daga Yamai zuwa Kwatano ya haura kilomita 1,000, ta Doso, Gaya, Malanbil, Kandi, Paraku da Bohikon. Mutumin Tawa ko Maraɗi ko Damagaram sai ya fara biyo Ƙwanni da Dogon Dutsi ya kai Doso tukuna. Da zuwa da komowa, a ƙirga mako guda aƙalla. Shi ya sa muke cewa waɗanda ya fi wa sauƙi su ne masu zuwa dama don fatauci ko karatu ko ganin likita ko ziyarar dangi a zongo. Ka riga ka biya kuɗin hanya mai tsawo, abin da ya rage maka ƙari ne kaɗan.

Na biyu, iyaka. Kowa ya san abin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023: CEDEAO ta sa takunkumi, ta ɗage shi a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar ɓangarenta na gadar Gaya da Malanbil a rufe, matafiya sunka koma tsallake kogi da kwalekwale, da kaya da ɗiya. Kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina sun fita daga CEDEAO. Saboda haka kada kowa ya tashi da labarin bara. A je tasha a tambayi kamfanin bis da direbobin da sunka komo cikin makon halin da hanya take da takardun da ake nema. Arewacin Benin ma ya sha hare-hare a yankin dajin W, don haka tafiyar rana, cikin bis da aka sani, ba tsaye-tsaye a daji. Hanyar komowa daga Lome ta Burkina kuwa ta kamiyo ce masu rakiyar soja, ba ta iyali ba. In an ga hanya ba ta yi ba, a ɗage tafiyar. Teku ba ya ƙaura.

Na uku, kuɗi. Alherin da ke nan shi ne sefa guda muke kashewa da Benin da Togo, ba canji, ba asara. Amma wanda zai ci bashi ko ya taɓa kuɗin lakwal na ɗiya don ya je ya ɗauki hoto, mu ba da shi muke ba. A yi adashi na wata da watanni, abokai huɗu ko biyar, a raba kuɗin kashi huɗu: hanya, wurin kwana, abinci da shiga wurare, sai kashi na huɗu da ba a taɓawa sai lalura. Mu shawararmu a bar motar gida a gida. A Kwatano a ɗauki taksi da direbanta, a yi ciniki tun kafin a shiga, a faɗi wa ke biyan esansi da peyaji. Motar da ta tsallaka iyaka tana son lesefase da asirans da ke aiki can, kowace takarda kuma ƙofa ce ta ɓata lokaci. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo mai rai, da karne na rigakafin shawara. Mai tafiya da yara ya riƙe takardun haihuwarsu, in ba nashi ba ne ya nemi izinin iyaye a rubuce.

Lokaci ma abin dubawa ne. Damanarsu ba irin tamu ba ce, biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Maris ne hanya ta fi daɗi, hutun ƙarshen Disamba ya dace da masu ɗiya a lakwal. Wanda ba ya son cunkoso ya kauce wa Wida wajen 10 ga Janairu, lokacin bikin Vodun, gari kan cika, wurin kwana ya yi wuya. Sauro kuwa can ba ya da rani, a tafi da gidan sauro.

Abin da ya fi damunmu mun bar shi ƙarshe, kuma don Allah a karanta shi sau biyu. Tekun wannan gaɓa yana kashe mutane. Ba tabki ba ne, ba gulbin Maraɗi ba ne. Gaɓar na da gangara, taku kaɗan ka rasa ƙasa. Ruwan da igiya ta turo waje yana komawa ciki ta wata ƴar hanya da ƙarfi, kuma wurin nan shi ne ke kama da ya fi kwanciya, shi ke ruɗin baƙo. Saurayin da ya iya iyo a tabki yana ganin ya iya ruwa, sai ya yi ta kokawa ya komo gaɓa kai tsaye har ƙarfinshi ya ƙare. Wanda ruwan ya ja, ya bar jikinshi ya yi sama, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe, bisa tsawon gaɓa, har ya fita daga jan. Amma mafi alheri kada a shiga ya wuce ƙauri. Kada a juya wa teku baya don hoto. Yaro yana hannun babba ko da wane lokaci. Inda masunta sunka ce kada a shiga, an gama magana. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Sauran ladabi ne. Za a ga wuraren bauta da ba irin namu ba, a Wida ma akwai ɗakin da ake girmama mesa, daura da babbar coci. Ba dole ka shiga ba, amma ba a yi wa mutane dariya a garinsu, kuma ba a ɗaukar hoton masunci ko mai talla sai da izininshi. Abinci a tambaya kafin a ci, don akwai naman alade a wasu wurare. Kifi gasasshe da doya ba su da shakka. Masallatai suna nan, zongo na nan a Kwatano da Lome, inda za ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa. In salla ta kama ka a rairayi, ka tuna teku gusum yake, ka sa shi hannun dama ka ɗan karkata arewa.

Kakanninmu sun yi fataucin goro da kanwa da ƙafa da jakai har Gwanja, sun komo da labarin garuruwa da mutane, ba da kaya kaɗai ba. Mu muna da bis da waya a aljihu, amma muna zuwa mu komo da rasit na duwan. Alhajin nan na Maraɗi ya yi mana alkawari a iska cewa tafiya ta gaba zai ƙara kwana biyu, ya tafi da babban ɗanshi, su kai Wida. Mun ce mashi in ya komo ya bugo ya gaya wa masu sauraro abin da yaron ya ce da ya ga ruwan da ba ya da ƙetare. Muna jiran wayar.

Allah ya buɗe hanyoyi, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta, ya kai kowa ya komo da shi gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.