Wanda Ba Ya Cin Nama, Ina Zai Ci Abinci A Kano?

Yau ba zancen littafi na zo muku da shi ba, zancen ciki ne, domin masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ko marubuci sai ya ci yake iya riƙe alƙalami.

Ga tambayar da nake so mu tattauna a kai. A ce baƙo ya sauka wajenka a birnin Kano, ya ce maka shi ba ya cin nama, ba ya cin kifi, ba ya cin ƙwai, ba ya shan nono ko madara, ina za ka kai shi ya ci ya ƙoshi? Na sha yi wa abokai wannan tambaya, kuma kusan amsa ɗaya nake samu, wato dariya, sannan a ce, "To me zai ci, ciyawa?" Ni kuwa amsata ita ce, ka kama hannunsa ku nufi Jakara.

Duk Bakano ya san cewa idan ana zancen gurasa, sunan Jakara ne yake fara zuwa baki. Unguwa ce da ke jikin Kasuwar Kurmi, kasuwar da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa. A cikin gidajen unguwar mata suke kwaɓa fulawa da yis da gishiri, su bar ta ta tashi, su manna ta a jikin tanderu, kafin rana ta ɗaga 'yan sari sun kwashe sun bazu cikin gari. Idan aka yayyafa wa gurasar nan ruwa ta yi laushi, aka barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa, aka yanka albasa da tumatir, ta zama bandashe ke nan. Mai karatu, ka sake duba abubuwan da na lissafa, ka nuna mini guda ɗaya da ya fito daga jikin dabba. Babu. Kuma ban taɓa jin wanda ya ci bandashen kirki ya tashi yana ƙorafin an cuce shi ba.

Ba gurasa kaɗai ba ce. Ka zagaya daga Jakara zuwa Mandawari, ka ɓulla Ƙofar Mata, ka ƙirga abin da ake sayarwa a bakin hanya da cikin zaure. Ga ƙosai da koko da safe. Ga ɗan wake da mai da yaji. Ga wake da shinkafa, wanda muke kira garau-garau. Ga kwaɗon zogale da na rama, ga dambu, ga tubani, ga awara, ga dafaffiyar gurjiya da gyaɗa. Abin sha kuma ga zoɓo da kunun aya da kunun tsamiya. Ita kanta miyar kuka ta asali, daddawar ɗorawa ce ke ba ta ƙamshinta. Kakanninmu a kan gero da dawa da wake da ganye suka rayu, suka yi noma suka yi fatauci da ƙafa har Gwanja, nama kuwa sai ranar kasuwa, ko suna, ko Babbar Sallah.

To idan haka ne, ina matsalar take? A ganina, abincin wanda ba ya cin nama ba shi ne ya yi ƙaranci a Kano ba. Abu biyu ne suka yi ƙaranci: faɗin gaskiya game da abin da ke cikin tukunya, da kuma ganin mutuncin mai neman irin wannan abinci.

Kafin in shiga bayani, bari mu san su waye waɗannan mutane, don kada a ɗauka hira ce ta Turawa kawai. Gaskiya ne akwai waɗanda ake kira Figan, masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, har zuma. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson ne tare da abokansa suka ƙirƙiro sunan, suka kafa ƙungiyarsu a shekarar 1944. Amma ra'ayin ya girme su nesa ba kusa ba. Masu sha'awar adabin Larabci sun san Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, wanda ya yi shekaru masu yawa ba ya cin nama ko ƙwai, ba ya shan nono ko zuma. Akwai kuma Indiyawa da yawa waɗanda addininsu ko al'adarsu ta hana su nama, kuma wasunsu suna nan tare da mu a Kano suna kasuwanci da aikin masana'antu. Sai kuma namu na gida, waɗanda su ne suka fi damuna: dattijon da likita ya ce ya rage jan nama saboda ciwon ƙoda ko na zuciya, yarinyar da ƙwai ke sa jikinta ya yi ɓoro-ɓoro, mutumin da madara ke ɓata wa ciki, da matar da tun tana ƙarama ƙarnin kifi ke tayar mata da zuciya. Duk waɗannan suna fita kasuwa da ofis da makaranta, yunwa tana kama su a waje kamar kowa.

Mu fara da batun gaskiya. Wata rana na raka wani dattijo maƙwabcinmu asibiti, a hanyar dawowa muka tsaya wani gidan abinci na zamani, irin mai sanyi da kujerun alfarma. Likita ya gargaɗe shi a kan nama da kitse. Ya tambayi yaron da ke kawo abinci, "Ɗan nan, akwai miyar da ba nama?" Yaron ya ce, "Akwai Baba, sai a cire maka naman kawai." Dattijo ya ce ai ba yankan kaɗai yake gudu ba, har romon. Yaron ya shiga ciki ya dawo ya ce Hajiya ta ce duk miyarsu da ruwan nama ake yi, har dafa-duka. Farar shinkafa da mai da yaji ma babu, wai ba a sayar da irin wannan a nan. Ruwa kawai ya sha muka fito. Amma na yaba wa yaron da ya shiga ya tambayo, domin da yawa cewa za su yi babu komai, su tsame naman su kawo.

Wannan "a cire maka naman" ita ce babbar tangarɗa. A wajen mai sayarwa, in dai ido bai ga yanka ba, to ba nama. Alhali kuwa dabba tana shiga abinci ta ƙofofi da yawa. Ana dafa miya da romo ko ƙashi. Ana daka busasshen kifi ko kirfish a zuba a alala da miyar ganye. Ana tsoma awara cikin ruwan ƙwai kafin a soya. Ana ɗora dafaffen ƙwai a kan ɗan wake. Ana zuba man shanu a miyar tuwo, ana sa madara a kunun gyaɗa, wasu masu waina suna sa nono a ƙullu. Wasu nau'o'in ɗunƙulen ɗanɗano kuma a jikin takardarsu an rubuta na kaza ne ko na kirfish. Kai, ita kanta gurasar, idan wajen mai tsire ko balangu ka saye ta, sau da yawa a kan naman ake ɗumama ta, ta sha maiƙonsa. Duk wannan ba laifi ba ne, girki ne. Laifin shi ne a tambaye ka ka ce babu, alhali ka san akwai. Wannan algus ne, kuma ga mai larura yana iya zama kwanciya a gadon asibiti.

Sai batun raini. A al'adarmu nama shi ne ma'aunin karamci da arziki. Miyar da ba nama har kiranta muke yi lami. Wanda ya shiga gidan abinci ya ce a zuba masa ba nama, kallo uku ake yi masa: ko matsiyaci ne, ko marowaci, ko kuma ɗan iyayi mai kwaikwayon Turawa. Mu marubuta ma muna da hannu a ciki. Ku tuna littattafan soyayyar da muka taso muna karantawa, da waɗanda ake rubutawa yanzu. Idan ana so a nuna gidan Alhaji, sai a jera kuloli: farfesun kayan ciki, gasassun kaji, soyayyen dankali da ƙwai. Idan kuwa ana so mai karatu ya tausaya wa marainiya, sai a ajiye mata garau-garau ko kwaɗon rama a kwanon roba. Da haka muka koya wa kanmu cewa abincin ganye da wake alamar wahala ce. Shi ya sa da zarar mai sayar da abinci ya samu ɗan ci gaba, ya koma Titin Zoo ko Nassarawa ya sa gilashi, abu na farko da yake korewa daga jerin abincinsa shi ne irin wannan. Abin dariyar shi ne, mutumin da ke jin kunyar a gan shi da ƙosai, shi ne zai je gidan abincin 'yan Labanan ya biya kuɗi mai tsoka ya ci falafel, wanda ba komai ba ne face ƙosan Larabawa.

Na san wani zai ce, ai Allah Ya halatta nama, don me mutum zai haramta wa kansa? Ni ba malami ba ne, amma akwai bambanci tsakanin haramta abu da barinsa. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an gabatar wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo bai ci ba, bai kuma haramta shi ba, Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa. Ni da nake wannan rubutu ina cin nama, in na samu balangu ba na ɗaga masa ƙafa. Ba kuma ina kiran kowa ya daina ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ba aikin mai sayar da abinci ba ne ya binciki dalilin mai saye. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Tambayi duk Bahaushen da karatu ko kasuwanci ya kai shi Ingila ko Sin. Idan ya shiga gidan abinci bai tabbatar da yankan ba, me yake nema? Abincin da ba nama. Yana kuma so idan ya tambaya ko akwai man alade a ciki a gaya masa gaskiya, ba a tsame a kawo masa ba. To abin da muke so a yi mana a garin wasu, me zai hana mu yi wa wasu a garinmu?

Wasu ƙasashen sun daɗe da warware wannan. A Indiya doka ta wajabta a sa alama a jikin abincin da aka rufe a leda ko gwangwani: koren ɗigo cikin koren akwati yana nufin ba nama ba kifi ba ƙwai, ko da yake yana iya ƙunsar madara. A Habasha kuwa, Kiristocin Otodoks suna ƙaurace wa nama da nono da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a, da kuma azuminsu na kwana 55 kafin Ista, saboda haka gidajen abinci sun saba tanadar abin da suke kira abincin azumi, kuma ba mai ganin ƙasƙanci a cinsa. Mu ba sai mun jira doka ba, domin girke-girken muna da su tun kaka da kakanni.

Shawarata ga masu gidajen abinci ba mai tsada ba ce. Hajiya, idan kin soya kayan miya, ki ɗebi kaɗan a ƙaramar tukunya kafin ki zuba romo, ki gyara shi da daddawa da albasa. Ki ware masa ludayinsa. A mayar da wake da shinkafa da ɗan wake da dambu da kwaɗo cikin jerin abinci, a zuba su a faranti mai kyau kamar kowane. A koya wa yaran da ke hidima abin da ke cikin kowace tukunya, kuma idan ba su sani ba su je su tambayo. A nan har riba akwai, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda tsadar rayuwa ta sa mutane da yawa suke lissafi kafin su ce a sa musu nama. Wanda ya samu inda zai ci abinci mai daɗi da rahusa ba tare da an yi masa kallon banza ba, gobe ma zai dawo, har da abokinsa.

Shi kuma mai nema, kada ya tsaya a kan "akwai nama?" Ya tambaya dalla-dalla cikin ladabi: da romo aka yi? An sa kifi? Da wane mai aka soya? Ya fi samun biyan buƙata a wajen masu sana'a guda, kamar mai ƙosai ko mai ɗan wake, inda a gabansa ake haɗawa, zai iya cewa a bar ƙwan. Wanda kuma ya yanke shawarar barin duk abin da ya fito daga dabba gaba ɗaya, ya sani akwai sinadarin bitamin B12 da ba a samunsa yadda ya kamata a tsirrai, rashinsa yana jawo ƙarancin jini da lahani ga jijiyoyi, don haka ya nemi shawarar likita a kan shan ƙwayarsa.

Kano gari ne na baƙi tun zamanin ayari, shi ya sa ake mata kirari da ko da me ka zo an fi ka. Bai dace a ce garin da ya iya saukar Balarabe da Buzu da Bayarabe da Ba'indiye ya kasa ciyar da mutum don kawai ya ce a bar masa nama ba, alhali matan Jakara kullum suna gasa abin da zai ci tun kafin gari ya waye. 'Yan uwana marubuta kuma, don Allah a littafi na gaba a bar jarumar ta ci bandashe a gidan mijinta mai kuɗi, ba don talauci ba, sai don tana so.

Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.