Zafin Nema Ba Ya Kawo Samu: Mu Waiwayi 'Ya'yanmu

Ya ku 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabon Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, yau muna so mu ja hankalinku bisa wata magana da ta shafi kowane magidanci, watau maganar 'ya'yanmu ƙanana da ɗan lokacin da muke ba su.

Duk wanda ya baro garinsu ya zo nan, in ka tambaye shi dalili zai ce don iyali ya zo, kuma gaskiyarsa ne. To amma a dubi yadda yininsa yake ƙarewa. Ɗan gwari a kasuwar Mile 12 yakan fita tun kafin assalatu don ya tari motocin da suka kwana bisa hanya daga Kano ko Zariya ko Jos. Mai gadi yakan kwana a ƙofar gidan wani. Ma'aikacin da ke zaune a Agege yana aiki a tsibirin Ikko yakan share sa'o'i cikin cunkoson motoci kafin ya haye gadar nan ta uku mai tsawon kusan kilomita 12, da yamma kuma ya sake biyan wannan haraji. Uwargida ita ma ga goyo, ga ɗibar ruwa, ga wanki, ga 'yar sana'ar ɗinki ko abincin sayarwa. Sai ka tarar uba ya fita yara na barci, ya komo sun yi barci, har a yi mako guda cur bai zauna da ɗansa sun yi hirar minti goma ba.

Wani zai ce ai mu ma haka muka tashi, iyayenmu suna gona ko fatauci, ba mu kuwa lalace ba. Amma fa a tuna, a can gida yaro yana tashi ne a tsakiyar dangi. In uba ya tafi akwai baffa, in uwa ta shagala akwai gwaggo, da dare ga kaka da tatsuniya, in ya yi ɓarna a waje maƙwabci ya tsawata masa, don ɗa na kowa ne. A nan kuwa ɗaki ɗaya ne ko biyu na haya, maƙwabta kowa da yarensa, kowa da uzurinsa. Renon da mutum goma suke yi a can ya dawo wuyan mutum biyu, su biyun kuma ba su da sukuni.

To, wa ya gaji kaka? Wayar hannu da talabijin. Yaro ya yi kuka, sai a miƙa masa waya don a samu a ƙarasa aiki. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a zaunar da shi gaban irin waɗannan na'urori sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a 1 a yini. Dalili a bayyane yake: yaro yana koyon magana ne ta hanyar a yi masa ya mayar, ya yi tambaya a amsa masa, waya kuwa ba ta sauraron kowa. Shi ya sa za ka ga an kai yaro gida hutun Salla, bakinsa ya nuna da Yarbanci da buroka, amma gaida kakarsa da Hausa ya gagare shi, har tsohuwa ta riƙa neman tafinta tsakaninta da jikanta.

Su kansu yaran mun jefa su cikin irin gudun da muke yi. A tashe su da duhu don kada a makara, daga boko sai darasin yamma, daga nan sai Islamiyya, da dare ga aikin gida da malami ya bayar. Ilmi wajibi ne, ba mai musu. Amma hukumar da muka ambata ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin sa'a 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, kuma wasa ma makaranta ce ga ƙaramin yaro. Wanda bai ƙoshi da barci ba, karatu ba ya zama a kansa, sai mu koma muna kiransa daƙiƙi.

Mun san halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na abinci suka haura, mai gidan haya kuma na shekara guda yake so a dunƙule. Ba mai hankalin da zai ce wa talaka ya bar nema. Abin da muke cewa shi ne kowa ya zauna ya yi lissafin sa'o'insa kamar yadda yake lissafin cinikinsa. Nawa ke tafiya a majalisa bayan an tashi kasuwa? Nawa a gidan kallon ƙwallo? Nawa wajen latse-latsen waya? A nan ne rarar take.

Saboda haka ga shawararmu. Wanda ya samu dawowa da wuri, ya mai da tsakanin Magariba da Lisha na iyalinsa, a aje waya, a ci tuwo tare, a tambayi yaro abin da ya gani yau, a kuma saurare shi har ya gama. Wanda aikinsa na dare ne ya nemi nasa lokacin da safe, ko da rakiya ce zuwa makaranta. A ware yini ɗaya ko rabin yini a mako wanda ba ciniki a cikinsa. Maigida ya karɓi yaro don uwargida ta ɗan miƙe baya, gama uwar da ta gaji tiɓis ba ta da haƙurin reno, kuma wannan ba ya rage wa namiji girma. Maƙwabta 'yan gida ɗaya su riƙa karɓa-karɓa wajen kai yara makaranta da ɗauko su, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kuma roƙon sarakunan Hausawa da limamanmu su riƙa tuna wa jama'a wannan batu a tarurrukansu.

Jama'a, kasuwa tana nan gobe, amma ɗan shekara 3 ba zai tsaya yana jiranmu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada garin neman gira mu rasa ido, mu koma gida da jakar kuɗi da 'ya'yan da ba su san mu ba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka cikin nemanmu, amin.